Tsohuwar Motar Mishan Ta Sake Hawa Hanya

A bayan ɗakin shan magani na ekklesiyarmu akwai wani babban mangwaro. A gindinsa wata tsohuwar Land Rover, wadda mutanenmu ke kira Landirofa, ta yi shekaru tana zaune bisa duwatsu huɗu. Kaji sun yi ƙwai a kujerarta, zanzaro ya yi ɗaki a jikin injinta, yara kuwa sukan hau su kama sitiyari su tafi Jos da baki. Tsofaffinmu sun san ta tun tana da ƙarfinta. Ita ce ta riƙa kai sisita ƙauyuka domin awon ciki da allurar rigakafi, ita ce ta kai masu bishara bayan dutse, ita kuma ta kawo gawar mutane da yawa gida. Sa'ad da Turawan mishan suka koma ƙasarsu suka bar wa ekklesiya ita. Ta ƙara aiki na 'yan shekaru, ran nan ta tsaya, aka tura ta inuwa aka ce sai an sami kuɗi.

Abin da ya sa muka tuna da ita abin baƙin ciki ne. Da damina hanyarmu takan zama taɓo, rafi kuma yakan hau kan mashigi, ƙananan motoci su daina zuwa. Wata 'yar'uwarmu ta yi doguwar naƙuda cikin watan Agusta. Ba ta iya zama bisa babur, sai maza suka ɗauke ta a kan gado, suna karɓa-karɓa, har bakin kwalta. Uwar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Bayan wannan da 'yan makonni masu sayen gwangwan suka zo suka taya motar. Dattawan ekklesiya suka zauna a kan maganar. Waɗansu suka ce a sayar a gyara jinkar majami'a, kuma maganarsu ba ta banza ba ce, gama jinkar tana yoyo. Sai shugabar zumuntar mata ta miƙe ta ce, "Iyayenmu dattawa, in ruwa ya zubo mana a majami'a mā gusa gefe. Mace mai naƙuda ina za ta gusa?" Ba wanda ya amsa. Fasto ya yi addu'a, aka ce a kira wanda ya san mota ya duba ta kafin a yanke shawara.

Kafin mu ci gaba, bari mu gaya wa mai karatu asalin wannan irin mota, domin asalin nata shi ya sa take gyaruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani injiniya na kamfanin Rover a Ingila, mai suna Maurice Wilks, yana aiki da tsohuwar motar soja ta Amurka, wato Jeep, a gonarsa a tsibirin Anglesey. A shekarar 1947 ya yi tunanin ƙera mota irin ta domin manoma. Aka nuna ta fari ga jama'a a birnin Amsterdam ran 30 ga Afrilu 1948. A lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, gwamnati ce ke rabon sa, saboda haka aka yi jikin motar da alminiyon, aka ajiye ƙarfe domin shasi. Alminiyon kuwa ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Shi ya sa za ka ga Landirofa mai shekara hamsin jikinta yana nan, ko da ya lotse.

Samfuri na biyu ya fito a 1958, aka ɗan sake shi a 1961 aka kira shi Series IIA, sa'an nan Series III ya biyo a 1971 har zuwa 1985. Jikanyarsu da ake kira Defender ta ci gaba har ran 29 ga Janairu 2016, ranar da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Solihull, bayan an ƙera fiye da miliyan 2 na wannan zuriya. Akwai sabuwar mota mai wannan suna yanzu, amma ita wata aba ce dabam, cike da na'urorin kwamfuta. Tamu Series IIA ce, doguwar, mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, da injin fetur mai silinda 4, lita 2.25. Fitilunta suna tsakiya kusa da juna a gaban lagireto, alamar an ƙera ta kafin a mai da fitilu gefe a ƙarshen shekarun 1960.

Wanda muka kira wani tsohon bakanike ne, ɗan ekklesiyarmu, wanda ya koyi aiki a garejin mishan tun yana yaro. Dukanmu Baba muke ce masa. Samari sun zaci zai buɗe injin nan da nan. Bai ko dube shi ba. Ya ce a share ganyen da ke ƙasa, ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashin motar da ƙaramar guduma da tocila, ya yi ta ƙwanƙwasa shasi daga gaba har baya. Wani saurayi ya gaji ya ce, "Baba, ba injin ne ya lalace ba?" Ya amsa daga ƙasa, "Ɗana, injin ana sauke shi a sa wani. In ƙashin baya ya ruɓe, me za ka ɗora wa injin?" Mun tuna da Nehemiya, wanda ya zaga da dare ya duba rusasshiyar garun Urushalima kafin ya ce wa kowa a tashi a yi gini.

Ga yadda guduma ke faɗin gaskiya. Ƙarfe mai lafiya yakan yi ƙara tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi ɗif, wani lokaci ma guduma ta shige. Shasin Landirofa kamar dogon akwati yake, mai rami a ciki, saboda haka laka takan shiga ta zauna, ta riƙe laima, ta ci ƙarfen daga ciki. A Ingila, inda ake zuba gishiri a hanya lokacin sanyi, shasi yakan ruɓe ƙwarai. Mu a nan rani da iskar hunturu sun yi mana alheri. Baba ya tarar dogayen ƙarafan biyu suna da kyau. Ƙarfen da ya gitta a can baya ne ya ruɓe, da biyu daga cikin hannuwan da ke riƙe bodi, da wurin sa ƙafa a gaban direba. Ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Za ta tashi." Ya kuma nuna mana lambar shasi da aka buga a ƙarfen gaba, ya ce a gwada ta da tsofaffin takardu. Ma'ajin ekklesiya ya kwana biyu yana tonon akwati kafin ya samo su, da wasiƙar da ta nuna an ba ekklesiya motar. Duk mai niyyar irin wannan aiki ya fara da takardu, kada ya zuba kuɗi a kan abin da ba zai iya nuna nasa ne ba.

Aka fara aiki bayan girbi, kowace Asabar. Aka yi baiko na musamman, mata suka kawo masara da acca aka sayar, mai waldan garinmu ya ce ƙarfe kaɗai za a saya, aikin hannunsa na Ubangiji ne. Kafin ya kunna wuta sai da aka cire tankin mai aka kai shi nesa, gama tankin da ya bushe ma yana iya fashewa saboda tururin da ya rage a ciki. Baba ya kuma kafa doka: ba mai shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da manyan gungume.

Injin ya ƙi juyawa sam. Baba ya cire fulogi huɗu, ya zuba baƙin mai da ɗan kananzir cikin kowane rami, ya ce a bar shi. Irin wannan mota tana da ƙarfen da ake zurawa ta gaba a murza injin da hannu. Kowace Asabar sai a zura a ɗan taɓa, ba da ƙarfi ba. Samari suka so su ja ta da tarakta su saki kuloci, ya hana su, ya ce haka ake karya zoben fistan. A Asabar ta huɗu ƙarfen ya motsa kamar faɗin yatsa, ta biyar ya zaga sarai. Da aka buɗe kan injin aka ga abin da ya tsai da ita tun farko: gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga silinda. Abu ne na kuɗi kaɗan, shi ya zaunar da mota shekaru. Wannan ya ba mu kunya, ba mu ɓoye ba.

Aka wasa bawul, aka sa sababbin zobba, aka wanke kafireto da lagireto, aka sake wayoyin da ɓeraye suka ci. Ranar da za a sa batir wani saurayi mai wayo ya kama waya zai ɗaura yadda ya saba, Baba ya riƙe masa hannu. Ashe Landirofa da aka ƙera kafin 1967, ƙafar batir mai alamar tarawa ce ke haɗe da jikin mota, akasin motocin yanzu. Da aka gyara aka murza, ta yi tari sau uku, ta zubo hayaƙi da ɓawon gyaɗar da ɓeraye suka tara cikin salansa, sa'an nan ta kama. Mata suka yi guɗa, wani dattijo ya cire hula yana share hawaye.

Yara suka ce a zaga gari. Baba ya kashe injin ya ce ba inda za ta, gama tashi ba shi ne aiki ba, tsayawa ce. Birki ya ci mana lokaci fiye da injin. Tsarin birkin wannan samfuri hanya ɗaya ce tak, in bututu guda ya fashe ƙafa huɗu duka sun rasa birki. Saboda haka ba mu yi tsimi a nan ba, muka sake dukan bututu da robobi. Ƙurar da ke cikin tsohon birki kuwa ba a hura ta da baki, domin ana yin takalman birki na dā da asbestos, mai cutar huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma aka goge ta. Fitar da iska daga birkin gaba na doguwar Landirofa sanannen wahala ne ga bakanikai, mu ma mun ɗanɗana, Asabar biyu muna taka feda tana nutsewa.

A nan ne kuma muka yi asara. Mun aiki mutum birni ya sayo robobin birki, ya sami masu araha a wurin wani mai shago, ya dawo yana murna da canji. Cikin mako guda suka kumbura suka fara zubar da mai. Laifinmu ne da muka aika wanda bai san kaya ba, ba mu kuma ba shi tsohon ya gwada ba. Kayan gyaran waɗannan motoci ba su ɓace ba, har yanzu ana ƙera su, ana kuma samun na hannu a manyan kasuwannin kayan mota kamar Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Amma mai saye ya tafi da tsohon a aljihu, da wanda idonsa ya san na kirki.

Sauran aiki ya tafi da sauri. Aka warware sifirin ganye-ganye aka kankare tsatsa, aka zuba sabon mai a giyabos da akwatin raba giya da ƙafafu, aka sayi tayoyi. Inda alminiyon ya taɓa ƙarfe mun tarar da farin gari kamar toka, domin ƙarafan nan biyu in suka haɗu da laima sukan ci juna, sai aka sa fenti da roba a tsakaninsu. Lotsewar jiki kuwa mun bar ta. Waɗansu sun so a cike a yi mata ado, muka ga ba biki za ta ba.

Sa'an nan sai koyon tuƙi, gama samarinmu ba su taɓa ganin mota mai sanduna haka ba. Ban da giya, akwai sanda mai jan kai da wata mai rawayan kai. In an danna mai rawaya, ƙafa huɗu duka sun kama. In an tsaya cik an ja ja baya, mota ta shiga ƙaramar giya, tana tafiya a hankali da ƙarfi kamar sa, ƙafa huɗu kuma suna ja. Ba a tafiya da ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, domin ƙarafan gaba da na baya sukan murɗe juna har wani ya karye. Giya ta ɗaya da ta biyu kuma sai an taka kuloci sau biyu, in ba haka ba duk gari ya ji. Baba ya gargaɗi direbobi kada su fizgi mota in ta kafe, gama ƙarfen da ke juya ƙafar baya na irin wannan mota ya yi suna wajen karyewa. Muna ajiye guda a bayan kujera.

Kada mai karatu ya ji wannan ya ce kowace ekklesiya ta tono tsohuwar motarta. In shasi ya ruɓe gaba ɗaya, ko babu mutum irin Baba kusa, gara a sayar. Motar nan tana shan mai ƙwarai, tun kuwa da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023 kowace lita sai an yi lissafi. Ba ta gudu, tana da ƙara, ba ta da kariyar da motocin yanzu ke da ita in an yi haɗari. Domin haka dattawa suka yanke cewa ba ta zuwa kasuwa, ba ta ɗaukar amarya. Aikinta marasa lafiya ne. Makulli yana wurin ma'aikacin ɗakin shan magani, akwai littafin da ake rubuta kowace tafiya, zumuntar mata kuma ta ɗauki nauyin ganin tanki bai sauka ƙasa da rabi ba. Wanda ya kira ta, ko mai bi ne ko maƙwabcinmu Musulmi, yakan biya kuɗin mai in yana da shi, bayan an dawo.

Da damina ta kewayo, wani dare wajen ƙarfe ɗaya aka buga wa direba ƙofa. Matar wani makiyayi ce daga rugar da ke bayan dutse, jini ya ɓalle mata. Aka shimfiɗa katifa a baya, ungozoma ta zauna kusa da ita riƙe da tocila. A bakin rafi direba ya tsaya, yaronsa ya sauka ya shiga ruwan da sanda, ya ga bai kai gwiwa ba. Aka ja jan sanda baya, aka shiga a hankali ba tare da sake giya ba, aka fita. Kafin asuba suna asibiti. Bayan kwana shida motar ta koma ta ɗauko uwa da 'yarta.

Ran Asabar da ta biyo baya Baba ya shimfiɗa buhunsa ya sake shiga ƙarƙashinta. Ya kwance matoshin kowace ƙafa ya duba ko ruwan rafi ya shiga mai, ya tarar na baya ya yi fari kamar nono. Ya ce a kawo galan a juye, a kuma sami tiyo a wanke lakar da ke cikin shasi kafin ta bushe.