Tafiya Ƙasar Sin: Shirin da Baƙo Zai Yi Tun Daga Gida

'Yan kasuwarmu sun daɗe suna zuwa birnin Guangzhou sarin kaya, ɗalibai kuma na samun gurbin karatu a jami'o'in ƙasar Sin. Wataƙila wata rana ɗayanku ne zai hau jirgi, ko da don yawon buɗe ido ne. Abubuwan da suka fi wahalar da baƙo a can na yau da kullum ne: biyan kuɗi, neman hanya da samun abinci. Yawancinsu kuwa tun daga gida ake maganinsu.

Waya ce aljihu

Kuɗin ƙasar sunansa yuwan, amma a birane da wuya ka ga mutum ya zaro takardar kuɗi. Daga mai tasi har mai sayar da 'ya'yan itace a bakin titi, kowa na da alamar QR da za ka haska da kyamarar waya ka biya ta manhajar Alipay ko WeChat Pay. Dukkansu suna karɓar katin Visa ko Mastercard na baƙi, don haka a haɗa kati da manhajar kafin a tashi. A riƙe 'yan canji saboda ranar da caji ya ƙare.

Google da WhatsApp da Facebook da YouTube ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar. Wanda ya dogara da taswirar Google zai tsaya cirko-cirko a filin jirgi. Mafita ita ce a sauke manhajar fassara mai aiki ba tare da data ba, a buɗe wa iyaye WeChat don gaisawa, sannan a ajiye adireshin masauki da rubutun Sinanci, domin yawancin direbobi ba sa karanta boko. Mu tuna kuma agogonsu na gaban na Najeriya da Nijar da awa 7.

Abinci da ruwa

Naman alade ne ya fi yawa a girkin Sinawa, kuma kitsensa kan shiga ko da miyar ganye. Musulmi sai ya nemi alamar 清真, wadda ake karantawa "cing-jen", ma'ana halal. Ana ganinta a shagunan taliyar naman shanu irin ta Lanzhou, waɗanda ke kusan kowane birni. A Guangzhou akwai tsohon masallacin Huaisheng, a Beijing kuma na Niujie, kuma kusa da su abincin halal ba ya wuya. Ba a shan ruwan famfo sai an tafasa.

Fasfo da doka

Doka ta wajabta wa baƙo yin rajista da 'yan sanda cikin awa 24 da sauka. Otal zai yi maka, amma idan gidan ɗan'uwa ka sauka, kai za ka je da kanka, in ba haka ba tara na iya hawa kanka. Tikitin jirgin ƙasa ma da fasfo ake saye. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 120, ta 'yan kwana-kwana 119.

A haddace "ni hawo", wato sannu, da "shiye-shiye", wato na gode, da "dwo shawo ciyan?", wato nawa ne? Da waɗannan ukun za a iya fara ciniki. Hausawa dai sun ce shirin zaune ya fi na tsaye.