Baƙin wilin mota: yadda ake gasa fenti a jikin ƙarfe

Duk wanda ya ɗan tsaya a bakin titin Maiduguri, daura da Hotoro a birnin Kano, zai lura cewa ba kowace mota ce wilinta ke ƙyalli kamar azurfa ba. Na wasu baƙi ne wuluk, na wasu kuma launin gawayi.

Akwai motocin da haka suka fito daga kamfani, akwai kuma waɗanda masu su ne suka sauya launin.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kai wa mai fenti ya fesa. Sai dai wili yana shan wahalar da sauran jikin mota ba ya sha: tsakuwa, da zafin birki, da ƙarfen mai faci a duk lokacin da za a cire taya. Fentin da aka fesa a gurguje ba ya daɗewa yake soma ɓarewa.

Wannan ne ya sa ake maganar wata hanya ta daban, wato fentin gari, wanda a Turance ake kira powder coating.

Yadda ake yinsa

Shi wannan fenti busasshe ne, babu ruwa ko tina a cikinsa. Garin wani nau'in roba ne da aka haɗa da launi, aka niƙe shi luƙui.

Ana fesa shi da wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ke sanya wa ƙwayoyin garin cajin lantarki. Shi kuma wilin ana haɗa shi da wayar da ta shiga ƙasa, saboda haka sai garin ya manne masa, kamar yadda guntayen takarda ke mannewa a jikin biron da aka goga a gashi.

Daga nan sai a shigar da wilin tanderu mai zafin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, na tsawon minti 10 zuwa 20. Lissafin yana farawa ne daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai wannan zafi, ba daga lokacin da aka rufe ƙofa ba. Garin zai narke, ya malale, sannan ya sandare ya zama fata guda mai tauri.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe, Erwin Gemmer, ya ɓullo da wata hanya ta lulluɓe ƙarfe da garin roba a farkon shekarun 1950, sannan feshi da lantarki ya biyo baya a shekarun 1960. Da shi ake fenta firiji da kujerun ƙarfe da akwatunan lantarki da dama.

Mafi yawan aikin kuwa kafin feshin yake. Sai an cire taya da bawul da dalmar daidaita wili, an kankare tsohon fenti da yashi mai ƙarfin iska har ƙarfe ya fito fes, an wanke maiƙo. Wilin alminiyam kan buƙaci a fara ɗumama shi shi kaɗai, domin iskar da ke maƙale a ƙananan ramukan jikinsa ta fita. In ba haka ba, sai fentin ya fito da ƙuraje.

Batun wuta

Ke nan aikin ya fi kama da na masana'anta, irin na rukunan Bompai da Sharada da Challawa, a kan na rumfar mai fenti. Kuma matsalar da ta daɗe tana addabar waɗannan rukunai, wadda tana cikin dalilan rufe masana'antu da dama a Kano, ita ce dai ke gaban mai tanderu.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, fentin zai iya fitowa da kyau a ido alhali bai nuna ba. Sai bayan wasu watanni mai mota zai ga yana ɓantarewa.

Wutar ma ba ta da araha. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashi ga rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit. Mai dogaro da janareta kuma yana fama da kuɗin dizal. Duk wannan a kan mai mota yake ƙarewa.

Inda haɗarin yake

Akasarin wilin alminiyam an riga an ƙarfafa shi da zafi a kamfani. Idan tanderu ya zarce ƙa'ida, ko aka bar wilin ya daɗe a ciki, ƙarfinsa zai iya raguwa, kuma ba a gane hakan da ido. Tanderun da ba shi da ma'aunin zafi mai aiki abin gudu ne.

Sannan fenti mai kauri yana ɓoye tsagewa. Yawancin motocin da ke kan titunan Kano 'yan Kwatano ne, haka ma wili da dama da ake saye a Kofar Ruwa na hannu ne, kuma sun sha faɗawa ramuka. Lokacin da aka kankare wili shi ne lokacin duba shi, musamman ta ciki da inda aka taɓa yin walda.

Abu na uku ƙarami ne amma ya fi saurin jawo haɗari. Bai kamata fenti ya hau fuskar da wili ke zama a jikin mota ba, ko mazaunin notuna. Idan ya hau, zafin birki da nauyin mota za su lotsa shi, notunan su saki. Don haka ake rufe wuraren kafin feshi, a kuma sake ɗaure notuna bayan an yi 'yar tafiya.

Akwai kuma bambanci a garin kansa. Nau'in epoxy yana kare tsatsa sosai, amma rana tana koɗar da shi. Nau'in polyester ne ke jure rana, abin da ke da muhimmanci a garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu.

Baƙin wili yana ɓoye baƙar ƙurar birki. Ƙurar hunturu kuwa fara ce, kuma a kan baƙi ta fi fitowa, ta yadda daga Disamba zuwa Fabrairu wilin da aka wanke da safe kan koma ruwan toka kafin la'asar.