Duniyoyin Wasannin Bidiyo da Ake Shiga Don Yawon Buɗe Ido

A cikin wasannin bidiyo akwai rukunin da ake kira masu buɗaɗɗiyar duniya. A irin wannan wasa ba a ɗora mai wasa a kan turba guda a ce ya bi ta daga farko har ƙarshe. Sauke shi ake yi a wata ƙasa mai faɗi, da tsaunukanta da dazuzzuka da garuruwa, a ƙyale shi ya nufi inda ransa ya ba shi. Akwai labari, akwai kuma ayyukan da aka tanadar masa, amma masu wasa da yawa sukan jingine su, su shafe sa'o'i suna yawo don kawai su ga abin da ke bayan wancan tudun. Ta haka ne wurare irin su Hyrule da Skyrim da Los Santos, waɗanda babu su a kowace taswira, suka zama ƙasashen da miliyoyin mutane suka san lungunansu.

Tushen abin ya girmi hotunan kwamfuta masu kyau. A shekarar 1976 wani masanin kwamfuta a Amurka, Will Crowther, wanda yake da sha'awar shiga kogwannin ƙarƙashin ƙasa, ya rubuta Colossal Cave Adventure bisa fasalin wani sashe na kogon Mammoth da ke jihar Kentucky. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta ce take bayyana wurin da rubutu, mai wasa ya rubuta mata inda yake son zuwa, da yawansu kuma sai sun zana taswira a takarda kafin su daina ɓata. A 1984 ɗalibai biyu na Jami'ar Kambirij a Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fito da Elite, wasan tuƙa kumbo a sararin samaniya, mai gungun taurari 8, kowanne da duniyoyi 256, a kan kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce kilobait 32 ba. Bayan shekara biyu kamfanin Nintendo na Japan ya saki The Legend of Zelda. Wanda ya jagoranci aikin, Shigeru Miyamoto, ya sha bayyana cewa yawon da ya yi yana yaro a dazuzzuka da kogwannin ƙauyensu na Sonobe, kusa da Kyoto, shi ne abin da ya so ya isar ga mai wasa.

Babbar matsalar da masu ƙirƙira suke fuskanta ita ce, babu na'urar da za ta iya riƙe ƙasa sukutum a ƙwaƙwalwarta a lokaci guda. Dabarar da aka samo ita ce a riƙa ɗauko abin da ke kusa da mai wasa kaɗai, ana watsar da wanda ya bari a baya, ba tare da ya lura ba. Grand Theft Auto III na 2001, wanda aka gina a Sikotilan, ya yi suna da wannan: na'urar PlayStation 2 tana da megabait 32 kacal na babbar ƙwaƙwalwa, don haka titunan birnin Liberty daga kan faifai ake karanto su yayin da mota take gudu. Dabara ta biyu ita ce rage wa abin da ke nesa kwalliya. Bishiyar da ake hangowa daga kilomita guda hoto ne shafaffe mara nauyi; sai an matso ake musanya ta da mai rassa da ganye. Idan musanyar ta makara, a nan ne ake ganin gida ko bishiya ta ɓullo kwatsam a gaban mutum.

Hanyoyin gina ƙasar kanta kuwa biyu ne: ko dai mutane su tsara ta da hannu, ko a bar wa lissafi. Elite ta biyun ya bi. Bai adana bayanan duniyoyinsa ɗaya bayan ɗaya ba. 'Yan lambobi ya adana, waɗanda ake kira iri, tare da ƙa'idar lissafin da take fitar da suna da tattalin arziki da gwamnatin kowace duniya daga gare su. Iri ɗaya kullum ƙasa ɗaya yake haifarwa. Minecraft, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara saki a 2009, a kan wannan tsari yake. Komai a cikinsa tubali ne mai tsawon mita guda, ana iya haƙe shi ko a ɗora shi a wani wuri, iyakar ƙasar kuma tana da nisan tubali kusan miliyan 30 daga tsakiya ta kowace fuska. Microsoft ya sayi kamfanin da ke yin sa, Mojang, a kan dala biliyan 2.5 a 2014, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Abin da ya riƙe mutane a Minecraft shi ne ƙasar tana karɓar aikin hannunsu. Wanda ya haƙa rami ya gangara neman lu'ulu'u, ko ya gina gida a bakin kogi, gobe zai tarar da abinsa a inda ya bar shi.

Lissafi yana da iyakarsa. No Man's Sky na 2016, aikin wani ƙaramin kamfani mai suna Hello Games a garin Guildford na Ingila, ya zo da duniyoyin da yawansu ya haura lamba 18 da sifiri 18 a bayanta. Da aka shiga, masu wasa da dama suka koka cewa bayan duniya goma ko ashirin sauran duk kusan kamanninsu ɗaya, ga kuma abubuwan da aka sa musu rai ba su gani ba. Sai da kamfanin ya ɗauki shekaru yana ƙara sabbin abubuwa kyauta kafin sunan wasan ya farfaɗo. Kamfanin Bethesda ya riga ya ɗanɗana wannan tun da wuri. Daggerfall na 1996 yana da garuruwa da kurkuku sama da 15,000 a ƙasar da ake kwatanta faɗinta da Birtaniya, mafi yawanta fili ne da babu abin tsayawa kallo. A Morrowind na 2002, sannan a Skyrim na 2011, sai kamfanin ya koma ƙaramar ƙasa da aka tsara da hannu. Mai yawo a Skyrim yakan tarar da ƙwarangwal a bakin kogo, da wasiƙa a gefensa, ya haɗa labarin abin da ya faru da kansa ba tare da kowa ya faɗa masa ba. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne masu wasa suke tunawa bayan shekaru, ba adadin kilomitoci ba.

Masu tsara The Witcher 3 na 2015, a kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Foland, sun bayyana cewa sun yi aiki da wata ƙa'ida: duk inda mai wasa ya nufa, kada ya wuce kimanin daƙiƙa 40 bai ga wani abu da zai ja hankalinsa ba, ko da garken barewa ne ko matafiyi a hanya. An ɗauko labarin wasan daga littattafan Andrzej Sapkowski, kuma yankin Velen, mai fadamu da ƙauyukan da yaƙi ya ɗaiɗaita, yana ɗauke da ƙamshin karkarar gabashin Turai da tatsuniyoyinta.

Ɗaya daga cikin wasannin da aka fi nazarin tsarinsu a wannan fanni shi ne The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017. Kafin zuwansa, al'adar da ta kankama, musamman a wasannin kamfanin Ubisoft, ita ce mai wasa ya hau hasumiya, taswira ta cika da alamomi, shi kuma ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya yana sharewa. Sakamakon haka idonsa yana kan taswira fiye da ƙasar da aka sha wahalar ginawa. Nintendo bai cire hasumiyoyin ba, amma hawansu fasalin ƙasa kawai yake buɗewa. Mutum da idonsa zai leƙa ƙasa ya zaɓi abin da ya burge shi, ya sa masa alama. Daraktan wasan, Hidemaro Fujibayashi, da abokan aikinsa sun yi amfani da taswirar birnin Kyoto wajen auna nisan da ya dace tsakanin wuri da wuri, tunda sun san tsawon tafiyarsa a ƙafa. Sun kuma cika ƙasar da tuddai masu siffar dala da gangan. Tudu yana ɓoye abin da ke bayansa, ya tilasta wa mai wasa zaɓi, ko ya hau ko ya zagaya, kuma ta ko'ina ya bi, sabon abu zai bayyana a hankali. Manyan alamu irin su dutse mai aman wuta da fadar Hyrule ana hango su daga kusan ko'ina, kamar yadda matafiyin da can yake hango rimi ya san ya kusa gari.

Abu na biyu da wasan ya yi shi ne sa ƙasar ta bi dokoki tabbatattu. Kusan kowane dutse ana iya hawansa muddin ƙarfin jarumin, Link, bai ƙare ba. Ruwan sama yana sa dutse santsi. Wuta tana cin busasshiyar ciyawa, zafinta ya tayar da iskar da za ta ɗaga mai lema sama. Wanda ya rataya takobin ƙarfe ana tsawa, aradu za ta faɗo masa. Da zarar mutum ya gane waɗannan dokoki sai ya fara gwada dabarun da ko masu tsara wasan ba su tanada ba. An warwatsa wuraren gwaji 120 da 'yan ƙananan halittu 900 da ke ɓoye a faɗin ƙasar, ta yadda da wuya leƙen mutum ya tashi a banza. Bayan yankin farko na koyo, babu abin da zai hana shi tafiya kai tsaye wurin babban abokin gaba, in yana jin zai iya.

Wasu sun bi sahu, kowa da salonsa. Ghost of Tsushima na 2020, wanda ya ɗauki mamayar da Mongol suka kai wa tsibirin Tsushima a 1274, iska ya mayar jagora: inda ciyawa da ganye suka karkata, can ne hanya. Elden Ring na 2022, aikin Hidetaka Miyazaki da kamfanin FromSoftware, ya fi kowa rowar bayani. A wani daji da ke yankin farko akwai ɗan gini da ba ya ɗaukar ido. Wanda ya shiga ya taka lif ɗin da ke ciki zai yi ta gangarawa har ya iske wata ƙasa guda a ƙarƙashin ƙasa, mai kogi da rufi mai ƙyalli kamar taurari. Babu alamar da ta tura shi can.

Akwai kuma duniyoyin da aka gina a kan tarihi. Assassin's Creed Origins na 2017 ya sake gina Masar ta zamanin Kiliyofatara, daga dausayin Siwa zuwa Iskandariyya da dalolin Giza, kuma a 2018 aka ƙara masa wani sashe mara faɗa, mai rangadi 75 da masana tarihi suka taimaka wajen shiryawa. Assassin's Creed Mirage na 2023 ya koma Bagadaza ta ƙarni na 9, lokacin Abbasiyawa, da Baitul Hikma da kasuwanni da kiran salla, ana kuma iya buga shi gaba ɗaya da muryoyin Larabci. Sai dai ya kamata a lura cewa zagayayyen birnin da Halifa Mansur ya kafa a shekarar 762 kusan babu abin da ya rage daga cikinsa, don haka abin da ake gani haɗin rubutun magabata ne da ƙiyasin masu zane. Nisan garuruwa ma matse shi ake yi ƙwarai don kada tafiya ta gundura. Red Dead Redemption 2 na 2018, wanda ya nuna Amurka a 1899, ƙarfinsa a daji yake: nau'o'in dabbobi kusan 200, kowanne da halinsa, har mushe yakan ruɓe ungulaye su sauko masa.

Afirka ta kudu da Sahara ba ta samu rabo mai yawa a wannan fage ba. Far Cry 2 na 2008 ya gina dajin Afirka mai ban sha'awa, da gobarar daji da zazzaɓin cizon sauro da ke kama jarumin, amma a ƙasar da ba ta da suna, wadda yaƙin basasa da sojojin haya kaɗai aka san ta da su. Microsoft Flight Simulator na 2020 ya bambanta, domin duniyar gaba ɗaya ya ɗauko daga hotunan tauraron ɗan'adam na taswirar Bing. Ana iya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a bi ta saman Katsina a sauka Yamai. A nan ma akwai bambanci: wasu birane, galibi a Turai da Amurka, an ɗauki siffar gine-ginensu dalla-dalla daga sama, sauran kuma manhaja ce take ƙiyasta gidajen daga hoton rufinsu.

Shiga waɗannan duniyoyi yana da tsada. Red Dead Redemption 2 yana buƙatar gurbin gigabait 150 a kwamfuta, abin da sauke shi kaɗai ya isa ya cinye datar watanni a inda ake sayen ta da awo, ban da kuɗin na'ura da wutar lantarki. Shi ya sa wayar hannu ta zama ƙofar da aka fi bi. Minecraft yana nan a waya, haka Grand Theft Auto: San Andreas tun 2013. Genshin Impact, wanda kamfanin miHoYo na Shanghai ya saki a 2020, kyauta ake sauke shi, kuma ƙasarsa ta Teyvat tana da yankunan da aka kwaikwayo daga Turai da Sin da Japan da Gabas ta Tsakiya. Kuɗin shigarsa daga wata ƙuri'a suke fitowa, inda mai wasa yake biya ba tare da sanin jarumin ko makamin da zai samu ba. Irin wannan ciniki ya jawo muhawara a ƙasashe da dama, kuma a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a wasu wasannin da ta bincika sun faɗa ƙarƙashin dokar caca ta ƙasar.