Littafin da Ya Shekara 126 a Cikin Akwati

Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaukar littafin Jules Verne ya san yadda mutumin nan yake hana barci. Bafaranshe ne, an haife shi a garin Nantes a 1828, ya rasu a 1905. Yana cikin waɗanda suka kafa harsashin ƙagaggun labaran kimiyya, wato labaran da marubuci ke ɗaukar ilimin zamaninsa ya hango inda zai kai mutane gobe. A littafin da ya fito da sunansa a 1863, mutum uku ne suka ƙetare Afirka a cikin balan-balan daga Zanzibar har Sanagal, kuma sun bi ta saman Tafkin Chadi. Ashe tun a lokacin ƙasarmu ta shiga irin waɗannan labarai.

A wannan shekarar ce kuma ya rubuta wani littafin a kan yadda birnin Paris zai kasance a 1960. Ya zana motoci masu tafiya ba doki, da fitilun lantarki a tituna, da jiragen ƙasa a bisa gadoji, da na'urar aika takarda ta waya. Amma labarin ba na murna ba ne. Jarumin, Michel, yaro ne ɗan shekara 16 da ya ci kyautar waƙa da Latin, jama'a suka yi masa dariya, domin a garin nan ba abin da ake girmamawa sai kuɗi da injuna. Ga ɗaliban sashen kimiyya da ke raina na adabi, a nan kam akwai abin dubawa.

Mai buga masa littattafai, Hetzel, ya ƙi karɓa. A ganinsa labarin ya yi duhu, kuma zai ɓata sunan matashin marubuci. Verne bai yaga takardun ba, bai ƙona su ba. Aka ajiye su.

A 1981 birnin Nantes ya sayi tarin rubuce-rubucen Verne na hannu domin masu bincike, amma wannan ba ya ciki. Sai a 1989 tattaɓa-kunnensa, Jean Verne, ya same shi a wani akwatin ƙarfe na gidansu. Aka buga shi da Faransanci a 1994, fassarar Turanci kuma ta biyo baya a 1996.