Yadda babban harafi ɗaya ke hana manhajar ɗaliban Katsina aiki a sabar

Duk lokacin da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suka shiga aikin kammala karatu, akwai matsalar da ke yawan dawowa. Ɗalibi zai gina manhajarsa a laftof mai Windows da XAMPP, komai na tafiya lafiya. Da zarar ya ɗora ta a sabar intanet domin malamai su duba, sai shafin ya fito fari fat, ko ya nuna cewa ba a ga fayil ba. Sau da yawa laifin harafi ɗaya ne.

Windows ba ya bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, don haka Config.php da config.php abu ɗaya ne a wurinsa. Linux kuwa, wanda mafi yawan sabobin haya ke amfani da shi, yana ɗaukar su a matsayin fayiloli biyu daban. Idan aka sa wa fayil suna da babban C amma aka kira shi da ƙarami a cikin lambar shirin, laftof zai yi shiru, sabar ta ƙi.

Rumbun bayanai na MySQL ma haka yake. Yana da saiti mai suna lower_case_table_names wanda asalinsa 1 ne a Windows, 0 a Linux, 2 a macOS. Teburin da aka ƙirƙira da sunan Dalibai a Windows za a adana shi da ƙananan haruffa, sannan a Linux umarnin da ke neman Dalibai ba zai same shi ba. Tun daga MySQL 8.0, ba a canza wannan saiti bayan an kafa rumbun.

Cikin fayilolin saiti su ma akwai tarko. JSON ba ya karɓar True, sai true. A Linux, DB_HOST da db_host sunaye ne biyu daban, kuma manhajar da ba ta samu wanda take nema ba takan koma kan saitin asali ba tare da gargaɗi ba. Shirin curl kuma yana karanta http_proxy ne kawai da ƙananan haruffa, saboda dalilan tsaro.

Masu rubuta manhaja da Hausa suna da ƙarin nauyi. Umarnin strtolower na PHP ba ya mayar da Ƙ zuwa ƙ, ko Ɗ zuwa ɗ. Manhajar da ke neman adireshi a birnin za ta iya ɗaukar Ƙofar Soro da ƙofar soro a matsayin wurare biyu, sai an yi amfani da mb_strtolower.

Maganin ba ya cin ko kwabo. A tsayar da doka guda tun ranar farko: sunayen fayiloli da tebura da ƙananan haruffa, sunayen saitin da ke cikin fayil ɗin .env da manya, kuma kada a saka harafi mai lanƙwasa a sunan fayil. Wanda ke da Windows 10 ko 11 zai iya kunna WSL ya gwada manhajar a Linux kafin ya biya kuɗin sabar, maimakon ya gano kuskuren a daren ranar kare aikinsa.