Littafin Jinya: Kula Da Ƙani Mai Sikila Ba Tare Da Karatu Ya Tsaya Ba

A gidajen da ke da yaro mai sikila, sau da yawa ɗan sakandare ne mataimakin Mama na farko. Shi ake aike kemis, shi ke karanta takardar likita, wani lokaci shi ke kwana a asibiti ana saura mako biyu jarrabawa. Kuma irinmu na da yawa, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar, kimanin 150,000 a shekara.

Mu da muka yi irin wannan jinya muna makaranta mun lura cewa riƙe komai a ka ya fi zirga-zirgar gajiyarwa. Shi ya sa muke cewa ku ware littafin rubutu guda, na ƙaninku kaɗai.

A shafin farko ku rubuta lambar katin asibitinsa, rukunin jininsa, magungunan kullum irin su folic acid da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da duk maganin da jikinsa ba ya karɓa. Sai sakamakon awon jinin da ake kira PCV, kowanne da kwanan watansa. Wannan ne aka fi mantawa, alhali ya fi komai amfani. Jinin mai sikila dama ƙasa yake da na sauran mutane ko yana lafiya lau, don haka likitan da bai san shi ba yana bukatar ganin inda ya saba tsayawa kafin ya ce ya ragu. Ƙarfe biyun dare a sashen gaggawa, Mama na cikin tashin hankali, ba lokacin tuno lamba ba ne.

Sauran shafukan na yau da gobe ne. Wanda ya ba da magani ya rubuta lokaci ya sa hannu, kada Yaya ta ba shi, Mama ma ta sake ba shi. Na sau ɗaya a rana a haɗa shi da karin kumallo; na duk awa takwas kuwa sai an sa ƙararrawa a waya. A rubuta gorar ruwa nawa ya shanye, musamman da hunturu, lokacin da sanyi ke ɗauke ƙishirwa, ga shi sanyin da ƙarancin ruwa duk suna tayar da ciwon.

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu: zazzaɓi, ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, tafin hannu ya yi fari fat, ciki ya kumbura farat ɗaya, ko magana ta sarƙe. Waɗannan asibiti kai tsaye.

Karatu fa? Ku sanar da malamin ajinku tun ciwo bai tashi ba, ba sai kun yi fashin kwana uku ba. Ku sami aboki ɗaya da zai riƙa ajiye muku darasin da ya wuce ku. A jakar asibiti, kusa da bargo da cajar waya, a bar takardun tambayoyin WAEC ko NECO na shekarun baya, don layin ganin likita kan ci awa biyu ko fiye.