Motar Iyali ta Yau da Motar Tsere ta Da: Wace Ce Ta Fi?

A tasha da wajen makanikai kullum muna jin ana cewa "motar da ita ce mota, ta yanzu gwangwani ce." Tun da 'yan uwanmu na ƙetare na aiko da motoci gida, mu ɗauki guda biyu mu auna maganar: Jaguar E-Type ta Ingila, da Toyota Corolla ta yau.

An fara nuna Jaguar E-Type a birnin Janiba a shekarar 1961. Injinta mai silinda 6 ne, kuma kamfanin ya ce tana gudun kilomita 240 a awa, gudun da Corolla ba ta kai ba. Sai dai kujerarta biyu rak, kuma man da take sha ya kusa ninka na Corolla. An daina ƙera ta tun shekarun 1970, don haka kayan gyaranta sai an aika Turai.

Ita Corolla an fara ta a 1966, zuwa 2021 an sayar da sama da miliyan 50. Ta yau tana ɗaukar mutum 5 da kayansu, a lita 6 zuwa 7 kan kilomita 100.

Babban bambancin yana ranar haɗari, Allah Ya kiyaye. Da gangan aka ƙera gaban motar zamani ya lotse, don ƙarfen ya shanye bugun kafin ya iso ga mutum, ɗakin fasinja kuma ya tsaya da ƙarfinsa. Ga jakar iska da ke buɗewa cikin ƙiftawar ido, ga birkin ABS da ke hana tayoyi kullewa. Jaguar ta 1961 ba ta da ko ɗaya cikin biyun nan. A 2009, a Amurka, an yi gwajin karo tsakanin Chevrolet ta 1959 da ta 2009: ɗakin direban tsohuwar ya rufta, na sabuwar ya tsaya. To kun ga, lotsewar da muke rainawa ita ce ke ceton rai.

Amma fa ita ma sabuwar tana da nata. Kwamfuta ke tafiyar da injinta, in ta ƙi tashi sai an kai ta wajen mai na'urar bincike a Maraɗi, Damagaram ko Yamai. Kuma ba ta jure gurɓataccen mai da ƙura. A riƙa canza matatar mai da ta iska a kan kari.

Tsohuwar motar tsere kayan sha'awa ce ta masu hali. Mai son aiko wa iyalinsa mota, ya tambayi abu uku kafin ya biya: jakar iskarta na aiki? Akwai kayan gyaranta a kasuwarmu? Lita nawa take sha? In ta iso kuma, kowa ya ɗaura bel, na gaba da na baya.